Gaba Goma Sha Huɗu

Shekarata ta uku ke nan ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Kaura Namoda lokacin da kawuna, yayan mahaifiyata, ya kira ni a waya. Ƙauyensu yana gaba da Moriki kaɗan, a ƙasar Zurmi. Ya ce 'yan garin da ke aiki a birni sun yarda za su sa wa babbar rijiyar gari injin jan ruwa mai aiki da hasken rana, ga tanki har an ɗora a kan ƙarfe. Abin da ya rage a san girman injin da za a saya da yawan farantan sola. Tunda ni ne ɗan boko a dangi, aka ce ni zan yi lissafin.

Na ji daɗi ƙwarai. Na tambaye shi zurfin rijiyar. Ya ce in dakata, ya aika a tambayo tsohon da ya haƙa ta tun yana da ƙarfinsa. Da la'asar ya sake kira ya ce, "Ya ce gaba goma sha huɗu ne kahin ka taɓa ruwa."

A gari na tashi, ban taɓa riƙe igiyar guga da sunan aiki ba. Na sha jin kalmar gaba, amma a raina awon da masu sayar da yadi suke yi ne, daga tsakiyar ƙirji zuwa ƙarshen yatsu. Wannan kuwa kusan mita ɗaya ne. Na yi niyyar in tambaya, sai na ji nauyin a ce malamin kimiyya bai san gaba ba. Na rubuta mita goma sha huɗu.

Sauran lissafin na yi shi da kyau, har yau ina iya tuna shafin. Na haɗa tsayin tankin, mita huɗu, ya zama goma sha takwas. Kowace lita ta ruwa nauyinta kilo ɗaya, na lissafa ƙarfin da ake bukata a ɗaga cikin tanki guda zuwa wannan tsayi, na raba shi da awannin da rana take da ƙarfi, na ƙara wani abu saboda asara. Amsa ta ba ni ƙaramin inji mai tura ruwa mita ashirin da faranti biyu. Har a aji na kafa misali da shi a allo, ina gaya wa ɗalibai ga amfanin karatu.

Mai shagon da muka sayi kayan a Kaura ya dubi takardata ya ce, "Malam, rijiyoyin wajen nan suna da zurhi hwa. An auna?"

Na ce an auna.

Ranar Asabar muka isa ƙauyen da hantsi, ni da mai haɗa kayan. Bazara ce, ruwa ya yi wuya. Mata sun jera jarkoki, Fulanin da ke shayar da shanu a rijiyar sun kora dabbobinsu gefe suna jira, dattawa sun shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar bedi. Kawu yana ta nuna ni yana cewa ɗan ƙanwarsa ne. A cikin dattawan akwai mahaƙin rijiyar, dogon tsoho siriri, tafin hannunsa duk kanta.

Aka kafa farantai, aka ɗaura injin a bakin bututu aka fara zura shi. Bututu ya ƙare. Mai haɗa kayan ya leƙa, ya girgiza igiyar injin, ya ce a iska yake lilo, ruwa yana can ƙasa da nisa.

Kowa ya juyo yana dubana. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To ai matsalar awon ƙauye ke nan. Ni abin da aka ba ni na yi aiki da shi. In an ba ka lamba ba daidai ba, me za ka yi?"

Da ƙarfi na faɗa, don kowa ya ji. Wasu matasa suka yi dariya.

Tsohon ya tashi, ya karɓi guga a hannun wata mata, ya zura har muka ji ya bugi ruwa. Ya ƙulla igiyar daidai bakin rijiya, ya janyo ta duka. Sannan ya kama ƙullin da hannun dama, ya ware hannayensa biyu iyakar tsawonsu, igiyar ta ratsa ƙirjinsa daga yatsun wannan hannu zuwa na wancan. Ya ce, "Ɗaya."

Tun a wannan ɗayan na gane. Gabansa ɗaya ya kusa mita biyu. Ya ci gaba da ƙirga a hankali, mutane suna taya shi, ni kuma ina ninkawa a zuci. Goma sha huɗu cif, gugan ya zo hannunsa. Mita ashirin da biyar, ko fiye.

Ya dube ni ya ce, "Malam, haka muka iske ana awo. Ko dai hannuna na ya cika tsawo?"

Aka sake dariya, ban san ko ni ake wa ko shi ba. Kawu ya ce tunda bututu ne ya gaza, a hau babur a ƙaro daga Moriki. A lokacin na riga na san injin ba zai iya ba, ko an ƙaro bututun duniya. Mita ashirin aka yi shi ya tura, ga kusan talatin a gabansa. Kalma biyu zan faɗa a huta. Na yi shiru, na bar wanda aka aika ya tafi cikin rana a hanyar da ba kowa ke son binta ba saboda 'yan bindiga.

Sai bayan azahar ya dawo. Aka haɗa, aka zura, aka kunna. Injin ya yi ta gurnani a ƙasa, muna jin ruwa yana hawowa a cikin bututu, ya tsaya a hanya. Ko ɗigo bai fito ba. Saboda aikinmu an hana kowa ɗiba tun safe. Na ga wani Bafulatani ya dubi shanunsa, ya dubi rana, ya kora su suka tafi. Matan suka kwashe jarkokinsu suka koma layin guga.

Na ce wa Kawu sai an canja inji, an ƙara faranti biyu. Ban ce masa don me ba, shi ma bai tambaya ba. Mai shago ya karɓi kayansa ya ba mu babba, bai tuna mini da maganarsa ba. Bayan mako uku ruwa ya zuba a tanki. Ban je ba, na ce muna jarrabawa.

Da hutu ya zo mahaifiyata ta dawo daga biki a ƙauyen, take ba ni labari cewa ana ta sa mini albarka, wai da ba don tsohon ya rikice a ƙirga ba da tun ranar farko an gama. Na kasa cin abincin da ta ajiye mini.

Ranar Juma'a na tafi ƙauyen. Na sami tsohon a zaurensa yana tufka igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, awonka daidai ne. Ni ne ban san gaba ba, kuma na ji kunyar tambaya. Ka yafe mini."

Ya ce, "Na sani tun rannan. Na ga huskarka da na ce ɗaya."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Kawunka na tsaye, ɗana. Mi zan ce?" Ya ci gaba da tufkarsa, can ya tambaye ni ko injin zai yi aiki in damina ta zo da hadari. Na yi masa bayani iyakar sanina, ya saurara sosai, har ya sa na maimaita wani wuri.

Na zo da niyyar in tashi bayan sallar Juma'a in faɗa wa jama'a gaskiya. Aka sallame, liman ya yi addu'a, mutane suka taso suna ba ni hannu suna godiya. Na karɓi hannun kowa. Tsohon yana sahun gaba yana jan carbi, bai waiwayo ba. Na sa takalmana, na nemi ɗan acaɓa ya kai ni bakin titi.