Yadda Na Zama Ƙarama a Kaélé

A gidanmu na unguwar Poumpoumré, a Garwa, ni ce doguwa. Babanmu mahauci ne mai faɗin kafaɗa amma ba tsawo, Inna kuwa da ƙyar ta kai kunnensa. Yayyena da ƙannena duk su suka ɗauko. Ni kaɗai na fita daban, tun kafin in gama makaranta na wuce kowa a gidan.

Ba wanda ya taɓa zagina, amma tsokana ba ta ƙarewa. Goggo, ƙanwar Baba, Giginya take kirana. In ta shigo sai ta ɗaga kai ta ce, "Giginya, yaya iskar can sama?" In kwano yana saman kabad, ni ake kira. A aji kullum bencin ƙarshe ne nawa. A wurin biki in 'yan mata sun jeru, ni ake turawa baya. Da haka na koyi tafiya a sunkuye: in ranƙwafar da kafaɗu, in ɗan karya gwiwa a cikin zani. Ba na sa takalmi sai silifa, ɗaurin kallabi ma ƙasa-ƙasa nake yi don kada ya ƙara mini.

Sai Allah ya haɗa ni da gajere. Bakanike ne, yana gyaran manyan motocin da ke ɗaukar auduga, kansa daidai haɓata yake tsayawa. Ranar da ya fara zuwa zance, na riga shi zama a kan tabarma a zaure, ban tashi ba har ya tafi. Zuwa na biyu ma haka. A na uku ya ce, "Wai ƙafa ke miki ciwo?"

Na ce a'a.

"To ki miƙe. Na gan ki a kasuwa tun kafin in zo gidan nan, na san abin da na zo nema."

Na miƙe a hankali, kunya kamar in nutse. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya yi murmushi ya ce, "Alhamdulillahi. 'Ya'yana sun huta da gajarta."

Bayan biki muka je ɗaukar hoto. Mai hoton ya turo masa akwatin kwalaben lemo ya ce ya hau. Ya ƙi. Ya ce komai tsawon wuya kai ne a sama, a ɗauke mu yadda Allah ya yi mu. A hoton nan yana tsaye ƙyam kamar soja, ni kuma na karkace kamar mai neman allura a ƙasa.

A ƙarshen shekarun tamanin aka mayar da shi aiki Kaélé, muka tattara muka tafi. Ranar kasuwa ta farko na je sayen gyaɗa da kuɓewa. Matar da ke sayarwa tana zaune, na sunkuya na zaɓa, ta miƙe ta ba ni canji, sai na ji wuyana ya yi abin da bai saba ba: na ɗaga kai don in ga fuskar mace. Na waiwaya. Matan ƙabilar Tupuri ne da na Mundang ke wucewa da kaya a ka, da yawansu sun kai ni, wasu sun fi ni, ba wadda ta ko kalle ni sau biyu. Na zaga kasuwar nan har rana ta take, ba don ina da sauran sayayya ba.

Maƙwabciyarmu Batupura ce, matar wani malamin makaranta, tana toya ƙosai a ƙofar gida. Ta girme ni, ta kuma fi ni tsawo sosai. Da Fulatanci muke hira, tana sirkawa da Faransanci, kuma tun ranar farko ta sa mini suna "ma petite", wato 'yar ƙaramata. Da na faɗa wa maigida, dariya ya yi har ya ƙware da ruwa.

Wata safiya muka je famfo tare. Ta ɗora mini bokiti a ka, ban yi nisa ba ruwa ya fara zubo mini ta goshi. Ta sauke nata ta ce, "Ma petite, bayanki na ciwo ne?"

"A'a, Yaya."

"To wa ya dake ki kike tafiya haka?"

Na ba ta labarin gida, da tsokanar, da bencin ƙarshe. Ta saurara tana girgiza kai. Ta ce a ƙauyensu in yarinya ta yi tsawo ubanta murna yake yi, har ya riƙa aikenta kasuwa don a gan ta. Sannan ta sa tafin hannunta a tsakiyar bayana ta tura, ta ɗaga mini haɓa da yatsa. "Yanzu tafi." Na tafi har gida ko ɗigo bai zuba ba.

Ba a rana ɗaya na gyaru ba. Watanni ta yi tana bina da ido. In ta hango ni daga wurin kaskonta na fara ranƙwafawa, sai ta buga matsamin ƙosai a gefen kaskon, in miƙe ba tare da na juyo ba. Ciwon wuyan da na daɗe ina ɗauka gadon gidanmu ne ya tafi. Har takalmi mai ɗan tudu na saya, maigida ya dube shi ya ce ba komai, dama ya saba kallon sama.

Da muka je Garwa babbar Sallah, Inna ta riƙe ni tana juya ni gaba da baya. Ta ce, "Ke, mace na ƙara tsawo bayan aure? Me suke ba ki a can?" Ta duba ƙasa ta ga zannuwana duk sun ɗage, idon sawuna a waje, don an ɗinke bakinsu ne daidai tsohuwar tsayuwata. Kafin mu koma ta tura ni kasuwa da maigida ya saya mini sababbi, tsofaffin kuma ƙannena suka raba, suna ta addu'a in ci gaba da girma.