Makiyayin Alhazai

Gado dillalin raguna ne a Garhanga, kamar ubansa. Jarinsu duka sanin gidaje ne: wa ya turke rago, wa ya matsu, wace tsohuwa ce ba ta sayarwa sai an tambayi lafiyar jikokinta. Baƙo na sauka daga mota, Gado zai shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi hura, sannan ya ja shi lungu-lungu.

Sai zamani ya juya. Fataken Yamai suka daina tambayar mutane. Su rubuta "ragon layya" a salula, intanet ta jero musu sunaye da hanya, su wuce Garhanga ko birki ba su taka ba. Tabarmar Gado ta fara manta baƙo. Yakan ce shi da ya san kowane turke a gari, ga abin da ke aljihun kowa bai san da zamansa ba.

Taubashinsa Isufu direba ya ce zai saka shi a intanet, da taswira har ƙofar gida. To, gidan Gado babu rezo, salula ba ta kamawa sai an hau dutsen bayan gari. Suka hau, Gado na haki. Salula ta tambaya ko nan ne wurin sana'ar. Gado, wanda bai taɓa cewa "ban sani ba" a gaban mutum ba, ya ce a danna e, ai duk Garhanga wurin sana'arsa ne.

Da layya ta matso, motar farko ta zo. Ta wuce ƙofarsa, ta nufi dutse, inda taswira ta nuna. Gado ya bi ta da gudu, ya tarar da wani Alhaji a can sama cikin babbar riga, yana duban salula, yana duban awakin da ke kiwo.

"Malam, ina ragunan?"

"Suna ƙasa, Alhaji. Nan biro ne, ofishina ke nan."

Ranar ya sayar da raguna. Isufu ya yi dariya har ya gaji, sannan ya ce a kawo ya gyara taswirar. Gado ya yi lissafi. In aka gyara, baƙo zai iso unguwa da kansa, ya ga turakun maƙwabta, ya yi ciniki ba dillali. Ɓataccen baƙo kuwa, wanda ya tsince shi yake bi.

"Bar ta yadda take, direban jaki."

Tun daga nan, kowace layya tabarmarsa a kan dutse take. Gwiwoyinsa na ciwo, matarsa Tabawa na kiransa makiyayin alhazai. Ba ya musu, sai dai ya roƙe ta ruwan zafin gasa gwiwa.