Dakan Tsingaro

Ginin tukwane na gada wurin uwata, shi kuma ya riƙe ni bayan anka kwashi mijina zuwa aikin kuza, bai dawo ba. Ɗakina shina bakin gari, yamma da Sabon Birni, inda hayaƙin gashin tukwane ba ya damun kowa. Mata su zo su ƙwanƙwasa tulu, su saya, su wuce. Sai in wuni ban yi magana da mai rai ba in ba akuyata ba, ita ko ba ta da abin cewa.

Yumɓun fadamarmu shi kaɗai ba ya jure wuta. Sai an daka tsingaro, wato gutsattsarin tsoffin tukwane, an tankaɗe, an cuɗa da shi. Mafi kyawonsa na kufai ne, tsohon birnin da ganuwarsa ta zube tun ba a haifi uwata ba. Mutane na tsoron iskokin wurin. Ni dai ban taɓa ganin ko ɗaya ba, da na gani ma da mun gaisa.

Can matar Di'o ta iske ni wani hantsi, sun sauka rangadi. Ta durƙusa gabana kamar ba Baturiya ba, ta zari tsingaro guda cikin ƙwaryata.

"Wannan zane, da mi anka yi shi?" tac ce, da Hausarta mai tuntuɓe.

Nic ce, "Da igiya, Uwargida. Wanga kuwa da totuwar masara. Ga yatsan mai shi nan, mace ce, hannunta ƙarami."

Kwana uku tana zuwa. Tac ce a ƙasarsu ma akwai kufan wasu mutanen da, Rumawa, kuma ubanta tonon tsingaronsu ne aikinsa. Na ji daɗi, na ɗauka ɗiyar magini ce irina. Wallahi na yi surutun da ban yi ba cikin shekara biyar. Ran tafiya tac ce in tara mata masu zane, za ta dawo da kaka.

Damina duk na yi ta tsinta, har gindin ganuwa inda macizai suke. Na cika ƙwarya huɗu. Da anka fara yankan gero sai nic ce a raina, haba, wa ka ba baƙo tsaba ya tahi ya daka da kansa? Hannunta ma ba na taɓarya ba ne. Na zauna kwana biyu na dake su lilis, na tankaɗe sau biyu, abin da ko uwata ban taɓa yi ma ba.

Ta dawo kuwa. Na shimfiɗa mata sabuwar tabarma, na buɗe faifai ina murmushi.

"Ina tsingaron?" tac ce.

"Ga shi, Uwargida. Na hutasshe ki."

Ta daɗe tana kallon garin. Ta ɗebo kaɗan, ya zurare tsakanin yatsunta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta yi godiya, ta kakkaɓe hannu, ta tahi wurin dokinta. Nic ce za ni tsinto wasu. Tac ce an sauya ma mijinta gari.

Na ji haushinta, na ji nawa, kuma har yau ina kewarta. Garin nan ban iya zubar da shi ba, na cuɗa shi na gina randa. Ita ce waccan a bakin ƙofa, ko tsaga babu, ruwanta sanyi ƙarara. Ba wanda ya taɓa tambayata da mi anka yi ta.