Maganin Inna a Marjandafak

Yanzu ɗa yana zaune a Jidda ko Kano, ya buɗe waya ya kalli tsohuwarsa tana haɗiye magani a Njamena. A shekarar da 'yan tawaye suka shigo gari ba mu da wannan. Murya kawai waya ke kawowa, ita ma sai in ba a yanke layi ba.

Mahaifiyata, da nake kira Inna, jikar mahajjata ce da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Shari suka zauna. Bayan rasuwar mahaifina ta ƙi barin gidansa a unguwar Marjandafak da ke Njamena. Ni kuma fatauci ya kai ni Jidda. Da gigin tsufa ya kama ta, Larabcin da ta yi shekaru tana ciniki da shi a kasuwa ne ya fara zubewa, sai Hausar yarinta ta rage. Likita ya rubuta ƙwaya ɗaya kullum, ya ce kada a bar mata kwalin, don za ta sha ta manta ta sake sha.

Na ga yadda ake yi a wurare. A Faransa ma'aikaciyar jinya ce ke zagaya gidaje, a Hartum surukai ke karɓa-karɓa. Na ɗauki na Faransa. Na sami wani ma'aikacin jinya, Kirista ɗan kudu da ke zaune a unguwar Mursal, wanda ya iya Hausa tun yana aiki a Kuseri, garin da ke tsallaken kogi. Kowace safiya ya hau babur ya kawo ƙwayar a aljihu. Maƙwabciyar Inna, wata Hajiya mai sayar da turaren wuta, ita ke ba ni labari a waya.

Hajiya ce ta gaya mini dabararsa. Inna ba ta karɓar abin haɗiya daga wanda bai ci nata ba. Sai ya zauna a tabarma ya sha shayinta, ya fito da maganin da ƙwayar gyada ya ce, "Inna, ga naki, ga nawa." Su haɗiye tare. Ba a jima ba ta fara kiransa da sunana. Ni kuwa in na buga waya sai ta ce, "Malam, wa kake nema?"

Ranar da aka fara harbi layi ya ɗauke. Na bi jirgi zuwa Kano, mota zuwa Maiduguri, daga nan Kuseri. A kan gadar shiga Njamena jama'a na kwararowa da katifu da yara a ka, ni kaɗai nake kutsawa ta cikinsu zuwa inda suke gudu. Na ga yaƙi a wasu ƙasashe, amma daga nesa. Nan kuwa titunan da na yi wasa ne. Motocin soja sun ƙone da mutanen ciki, wani hannunsa na rataye ta taga ya zama gawayi. Kusa da kasuwa an fasa shaguna, gawar wani dattijo na kwance a kwata, karnuka sun fara taɓa ƙafarsa. Wani yaron soja ya sa mini bakin bindiga a wuya, na yi masa Larabcin gari, ya tofa mini yawu ya ce in wuce.

A bakin lungunmu jini ya bushe a bango. Hajiya ta tare ni.

"Alhaji, mai kawo maganin ya zo fa. Ana ruwan wuta ya zo. Na leƙa ta ƙofa na ga 'yan bindiga masu rawani sun tare shi, suna son babur. Ya sauka ya ba su, ya sa hannu a aljihu zai nuna musu maganin, sai suka buɗe masa wuta. A ciki da maƙogwaro. Yana shure-shure suka hau babur suka tafi."

Ta ce Inna ce ta fito, harsashi na wucewa ta kanta, ta ja shi da ƙafa har zaure. Ta ɗauko likkafanin da na kawo mata daga Makka, wanda ta ajiye wa kanta, ta rufe shi. Da harbi ya lafa 'yan'uwansa suka zo daga Mursal da amalanke suka ɗauke shi.

Na shiga na same ta a tabarma, zanenta da jini har yanzu. Kwanaki ba ta sha magani ba, idanunta sai yawo suke.

"Sannu da zuwa, baƙo," ta ce. "Gaisuwa ka zo? Sun kashe mini ɗana."

"Inna, ni ne."

"Allah ya ba da lada. Zauna."

Tun kafin a ɗauke shi Hajiya ta tsinci sauran ƙwayoyin a aljihunsa ta wanke takardar. Na miƙa wa Inna ɗaya, ta kaɗe hannuna, ƙwayar ta faɗa ƙasa. Washegari na sha shayinta, na nemi gyada na ce ga naki ga nawa. Ta ɗaga muciya ta sauke mini a goshi har ya fashe, tana cewa wa ya ba ni izinin kwaikwayon mamaci.

Hajiya ta ɗaure mini kai da tsumma. Da rana na koma na durƙusa nesa da ita.

"Inna, ɗanki ne ya bar wannan. Ya ce in riƙa ba ki kullum."

Ta daɗe tana kallon ƙwayar. Ta karɓa, ta yi masa addu'a, ta haɗiye.

Ban koma Jidda ba. Na zauna a gidan mahaifina ina ba ta magani kowace safiya, kuma har Allah ya karɓi ranta ba ta sake kirana da sunana ba. Baƙon da ɗanta ya aiko take ce mini.