Abdulrazaq Adigun da Tekun da Aka Kashe a Falonsa

Ranar Litinin, 12 ga Agusta, 2024, ana tsuga ruwan sama bayan azahar, 'yarka Raliat ta kira ni daga asibiti ta ce, "Baba Ishaku, Dadi ya tafi." Haka labarin rasuwarka ya iske ni, Abdulrazaq Adigun, aminina tun muna firamare a Ali Kazaure. Na Allah muke, kuma wurinSa kowa zai tattara ya koma. Wannan hukunci na karɓe shi ban yi gardama ba. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne abin da aka yi a falonka bayan mun dawo daga maƙabarta, kuma zan faɗa maka shi, don ban saba ɓoye maka komai ba.

Mutanen gari sun san ka da kantin magani. Ni na san ka da abin da ya fi haka. Lokacin da hawan jini ya kwantar da matata, uwar Hasiya, kullum sai ka biyo ta gidana kafin ka buɗe kanti, ka auna ta, ka leƙa tukunyarta, ka tsokane ta a kan gishiri har sai ta yi dariya. Da maƙwabciyarka Magadaliya ta karye a ƙafa, motarka ce ta zama tata har ta taka. Ba ka taɓa ba da labarin ko ɗaya ba.

Sai ka je wani taro a Legas ka ga tankin gilashi mai ruwan teku, ka dawo kanka ya juye. Mun yi maka dariya, ni ne ma kan gaba. Ina Jos ina teku? Muna bisa duwatsu, ruwan famfo ma sai ya ga dama yake zuwa. Ba ka kula mu ba. Ka yi odar gishirinsa na musamman, ka sa hita saboda sanyin garin nan, ka haɗa masa inbata mai ajiye lantarki, nasa shi kaɗai, saboda ɗauke wuta. A hankali duwatsun ciki suka rufe da murjani mai rai, wani kore, wani ja, yana buɗewa yana lilo, ƙananan kifaye na ratsawa. A wurinka na fara sanin cewa murjani dabba ce mai cin abinci, ba dutsen ado ba. Duk Jumma'a da yamma ƙofarka a buɗe take, rabin unguwar Jos Jarawa sun ga teku a falonka.

Abu ɗaya ya hana ka sakewa: bututun da ke saukar da ruwa. Ruwan yakan malala daga babban tanki ya bi bututu zuwa wani ƙarami a ƙasa inda ake tace shi, inji ya sake tura shi sama. To bututun nan sai ya riƙa zuƙar iska tare da ruwa, ya shaƙe, ruwa ya taru, sannan ya saki gyatsa kamar wanda ya ƙoshi da tuwo. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita kuwa, sai ya ƙi kamawa, ruwan gishiri ya nufi kafet.

Asabar nawa muka kashe a durƙushe gaban wannan tanki, ban ƙirga ba. Ka zargi injin, ka rage masa ƙarfi, gyatsa tana nan. Ka zargi lanƙwasar da bututun ya yi a kwance, muka je wurin Obiajulu mai sayar da kayan famfo, ka miƙar da shi tsaye, aka samu sauƙi kaɗan. Daga baya ka gane bakinsa na ƙasa ya nutse da yawa cikin ruwa, iskar ciki ba ta samun hanyar fita. Ka yanke shi ya rage kamar gaɓar yatsa a cikin ruwan, ka sa masa bawul na rage gudun ruwa, ka riƙa murɗawa kaɗan-kaɗan kana jira, har ya cika da ruwa zalla ya yi tsit. Sannan ka kafa na biyu a gefensa, a bushe, na ko-ta-kwana. Ka ce mini, "Ishaku, wannan da gangan na bar shi mai ƙara. In ka ji yana ihu, na farko ne ya toshe. A buɗe bawul a wanke, shi ke nan." Ranar ka yi murna kamar an yi maka haihuwa.

Kana kwance a asibiti wani ƙaramin dodon koɗi ya shige bututun farko, gyatsar ta fara dawowa. Hankalin kowa na kanka, ba wanda ya duba shi. Da aka dawo daga jana'iza maza suka cika falo, malamai suka fara addu'a, sai bututu ya saki gyatsarsa a tsakiyar salati. Wani ya ƙunshe dariya. Yayanka Alhaji na Rayfield, wanda bai taɓa tsayawa ya dubi tankin nan ba kana da rai, ya miƙa hannu ya murɗe bawul ɗin gaba ɗaya. Ruwa duka ya koma bututu na biyu, shi kuma ya yi abin da ka gina shi ya yi, ya cika falo da ƙara. Alhaji ya ce a kashe komai daga bango.

Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya na ce, "Yaya Alhaji, a ba ni ɗan lokaci in wanke bututun, zai yi shiru. In aka kashe inji da hita, abin da ke ciki ba zai rayu ba." Ya dube ni a gaban jama'a ya ce, "Malam Ishaku, ƙanena na binne yau, kai kana mini zancen kifi? Ba mai taɓa abin nan sai an yi addu'ar uku." Aka yafa wa tankin zanin gado. Inbatan da ka hana kanka sabuwar mota ka saya, aka ja shi waje aka jona lasifika da cajin wayoyin 'yan gaisuwa.

A gidan makoki amini ba kowa ba ne, Abdulrazaq. Duk shekarun da muka yi tare ba su ba ni bakin magana ba. Na faki ido na mayar da filogi a soket, kafin in fito daga alwala an sake zarewa. Raliat tana kuka, amma ba za ta ja da wan ubanta ba. Matarka Idiat tana ciki cikin takaba, na aika mata, matan da ke kewaye da ita suka ce ba a ɗaga wa mai takaba hankali da shirme.

Da aka shafa addu'ar uku na ɗaga zanin. Ruwan ya yi sanyi ƙalau, ya yi fari kamar tsarin kamu. Kifayen na yawo a kan ruwa a mace, ciki a sama, murjanin ya saɓule ya bar farin dutse. Waɗanda suka kashe shi su ne suka fara toshe hanci, har wani yana cewa dama ai abin ƙazanta ne. Ni na kwashe da bokiti na zubar a kwata. Na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Bayan baƙi sun watse Idiat ta sa aka kira ni, ta yi mini magana daga bayan labule. Ta ce tun da aka kai ka asibiti ƙarar ruwan nan take saurare daga ɗaki, ita ce ke sa ta ji kamar kana falo. Da ta ji shiru ta zaci gyarawa na yi. Na gaya mata gaskiya. Sai ta ce, "Baban Hasiya, ka cika shi da ruwan famfo ka kunna. Kar ka gyara bututun." Haka na yi. Tankin na nan yana ta gyatsa, babu ko rai ɗaya a ciki.

Allah Ya jiƙan ka, Abdulrazaq, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa tausayin da ka yi wa mutane da dabbobi ya tarbe ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Idiat da Raliat da dukan zuriyar Adigun, Allah Ya ba su haƙurin rashinka. Alhaji ma ina yi masa ta'aziyyar ƙaninsa, domin haƙƙi ce a kaina. Yafiya kuwa ban kai gare ta ba tukuna, ina roƙon Allah Ya kai ni kafin in biyo ka.