Farin Ƙyallen da Gimbiya Ta Kai Likita

Duk wanda ya yi aiki a gidan siminti na Malbaza bayan yunwar tamanin da huɗu ya san Gimbiya mai kwaɗon zogale. A bakin ƙofa take zama da ƙwaryarta, direbobi su yi ta tsokanarta ko za ta yi dariya, ita kuwa ta zuba musu ta kau da kai. Wasu suka ce girman kai ne. Ba su sani ba, mace ce da ta haihu sau huɗu ba ta taɓa ganin ranar suna ba.

Abin takaicin, haihuwar da sauƙi take zuwa mata. Uwarta Delu ce ta koya mata dabarar: mai ciki ta tsuke bakinta, kada ɗa ya yi girma ya ƙi fita, kamar yadda ya faru da yayar Gimbiya wadda ta tafi da nata a ciki. Ba ƙwai, ba nama, ba wake, sai ruwan fura. Zogalen da take ƙosar da ƙarti da shi ma ba ta kai shi baki. 'Ya'yan su fito salin-alin, ƙanana kamar 'yan tsaki, su ɗan kwana biyu su koma. Delu ta ce wabi ne, kuma wa zai ja da matar da ta binne 'ya da jika a rami ɗaya?

A ciki na biyar jiri ya kayar da ita a kan ƙwaryar, mijinta Mato mai lodin buhuna ya kai ta likita. Ungozomar wurin, Barira, ta ja fatar idonta ta gan ta fari fat. Ta yi faɗa kamar za ta ari baki, sannan ta ce hanta, wake, ƙwai, zogalen nan da take sayarwa, da ƙwayar ƙarin jini kullum. Gimbiya ta ce to. Ba yarda ta yi ba, musu ne ba ta da ƙarfinsa.

Mato ne ya ɗauki abin da zafi. Ya shigo da hanta naɗe a takardar siminti, ya tsare ta da ido sai ta cinye. Tana taunawa tana haɗiyewa, ba daɗi ba rashin daɗi. Da Delu ta zo daga Illela ta ga ɓawon ƙwai a toka, sai ta zauna daɓas.

"Ɗiyata, kashe kanki za ki yi? Ni na gaji da bizne ku."

Gimbiya ta nemi tsoro a ranta ba ta samu ba. Mutuwar ɗa ta riga ta sani, tata ce kawai ba ta gwada ba, kuma duk ɗaya ta ɗauke su. Ta ci gaba da ci, ciki ya yi ta girma yana shuri, ba ta ko ɗora hannu a kansa. Ba ta ɗinka riga ba. A ƙasan kwallarta akwai sauran farin alawayyon da aka yanka wa na huɗu, shi ta wanke ta ninke.

Wannan karon naƙuda ta ba ta wuya ƙwarai, Delu na waje tana salati. Yaro ya fito ƙato, da kukan da aka ji har bakin hanya. Barira ta tambayi zanen naɗe shi, Gimbiya ta nuna ƙullinta da haɓa. Ungozoma ta warware, ta gane ko mene ne, ta tsaya riƙe da shi.

"Shi kaɗai na taho da shi," in ji Gimbiya. "Ban san za a bukaci wani ba."

Barira ta naɗe yaron da shi ta aza mata. Gimbiya ta jira murna ta zo, ba ta zo ba, sai nauyin yaron da ta ji a hannu, nauyin da ba ta taɓa ɗauka ba. Haka yaron, wanda aka raɗa wa suna Barmo daga baya, ya fara shan nono, a cikin likkafaninsa.