Ƙahon Taubashina

Shekara da shekaru ni ke yi wa ƙungiyar ƙwallon unguwarmu kirari a Sabon Birni. In na ɗaga murya a bakin fili, har mai tsaron gida sai ya waigo. Sai ga taubashina ya dawo daga Maraɗi da jan ƙahon roba. Ranar wasanmu da 'yan garin Isa ya busa shi, jama'a suka yi ca a kansa. Na yi ta kirari har maƙogwarona ya bushe, ba wanda ya ji.

Da aka tashi, alƙalin wasa ya ce a hana ƙahon, don ya danne ƙarar usur. Raina ya yi fari. Amma kyaftin ɗinmu ya ce, "Alƙali, yi haƙuri, ƙarar nan ce ta ruɗa 'yan bayansu."

Taubashina ya miƙo mini ƙahon yana dariya. "Hura, za ni koya maka."

Na hura iya ƙarfina, iska kawai ta fito. Wasa na gaba taubashina aka goya a babur zuwa garin Bafarawa. Ni a teburin mai shayi na ji sakamako.